Haruffa masu ƙugiya na karkatar min da layi a edita, meye mafita?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Ina rubuta wani ɗan shiri ne da PHP da zai riƙa fitar da sakamakon jarrabawar ɗaliban wata islamiyya a unguwarmu, darasi, maki, matsayi, kowanne a gurbinsa kamar tebur. To duk layin da aka samu ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki sai ka ga ya goce, abin da ke bayansa ya matsa gefe kaɗan, bai yi daidai da na sama da na ƙasa ba. Misali na jera Hadisi da Fiƙihu ɗaya a kan ɗaya, dukansu harafi shida ne amma ƙarshensu ba ya haɗuwa. Kuma shi ƙ ɗin kansa kamanninsa daban yake da sauran haruffan, ya fi su siranta kamar ba gida ɗaya suka fito ba. Wani lokacin ma tsinken rubutun nan mai ƙiftawa sai in gan shi a tsakiyar harafi. Editan VS Code nake rubuta kod ɗin da shi, font ɗin kuma, wato salon zanen haruffan, wani ne na sauko da shi saboda ya min kyau a ido. Na taɓa editor.letterSpacing na ƙara na rage babu abin da ya canza.

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Ka mayar da letterSpacing ɗin nan sifili tukuna, ba nan ciwon yake ba, shi yana ƙara tazara ne tsakanin duka haruffa baki ɗaya. Abin da ka faɗa cewa ƙ ɗin ya fita daban shi ne amsar tambayarka. Font ɗin da ka sauko ba shi da zanen wannan harafin sam. VS Code a kan Electron aka gina shi, wato injin Chromium ne ke zana maka rubutun kamar dai a burauza, kuma ɗabi'arsa ita ce in ya nemi harafi a font na farko ya rasa sai ya je na biyu a jerin da ka ba shi, in babu ya je na uku, in duk babu ya aro daga duk inda ya samu a kwamfutar. Wanda ya aro ɗin kuma ba lallai faɗinsa ya zo ɗaya da naka ba. Shi font na kodin sharaɗinsa kenan, kowane harafi faɗi ɗaya, i da m da w da sarari duk gurbi ɗaya suke ci. Da zarar baƙo ya shigo layin da nasa faɗin, duk abin da ke bayansa ya matsa.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri Malam. Amma ai a jerin nawa na sa monospace a ƙarshe, ba sai ya aro daga wani mai faɗi ɗaya ba?

Bazazzagi:
Zai iya arowa daga mai faɗi ɗaya kuma layin ya goce duk da haka, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Faɗi ɗaya a cikin gidansa ake nufi, ba wai duk font masu faɗi ɗaya na duniya awonsu guda ba. Courier da JetBrains Mono da Source Code Pro faɗin harafinsu kashi 60 cikin 100 ne na girman font ɗin, Consolas wajen 55, Ubuntu Mono da Iosevka 50 cif. To ka ɗauka ka sa girma 20, na farko harafi zai ci digo 12 na allo, na biyu 11, na uku 10. In babban font ɗinka mai 10 ne ya aro ƙ daga mai 12, kowane ƙ zai tura layin da digo 2, layi mai ƙugiya huɗu ko biyar kuwa ya kusa cin gurbin harafi guda. Shi ya sa magani shi ne font na farko a jerin ya zama yana da haruffan da kansa, kar a kai ga aro.

Oga Sabon Gari:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai a nan ba. Ka rubuta Fikihu da k ɗinka na kibod ka wuce, wa zai kasa ganewa? Ni shekara da shekaru ina yi wa mutane manhajar shago da ta makaranta ban taɓa sa ƙugiya a komai ba kuma babu kwastoman da ya taɓa dawo min da aiki saboda haka. A WhatsApp ma wa ke sa wa? Lokacin da za ka ɓata kana neman font gara ka ƙarasa aikinka ka karɓi kuɗinka.

Malama Damagaram:
Haba Oga, kai da kanka ka rubuta ɓata da ƙarasa da kuɗinka da ƙugiyoyinsu a wannan saƙon, ka ga hannunka ya san muhimmancinsu. Takardar sakamako ce fa za a ba yara su kai gida, a makaranta inda ake koya musu rubutu. In malami ya ja wa yaro kunne a aji ya sa ƙugiya sannan takardar makarantar ta fito babu, me aka koya masa? Kuma ba ado ba ne, baki da baƙi ba abu ɗaya ba ne, kafa da ƙafa ma haka, ranar da za a nemi kalma a rumbun bayanai za ka ga illar. Mu nan Nijar ma namu ya fi naku yawa da ɗaya, don muna rubuta ƴ inda ku kuke sa waƙafin sama da y, ƴaƴa, ƴan makaranta. Da za mu bi shawararka da ƴaƴa da yaya sun zama abu guda.

Oga Sabon Gari:
Malama wayata ce ke gyara min da kanta, ni ba na nemansu. Amma bari in gaya miki abin da ya sa nake faɗin haka, ba ƙin yaren nake ba. Ki haɗa manhaja ki kai wa mai shago, ya haɗa da ƙaramar firintar rasit ɗin nan mai takardar zafi, ki aika mata Ƙ ki ga abin da za ta fito da shi. Alamar tambaya ko wasu haruffa biyu na shirme. Ita ba ta san Unicode ba, wato tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, teburin haruffanta na ciki ƙarami ne, kuma takarda mai milimita 58 harafi 32 kawai take ɗauka a layi, in lissafin ya kuskure da ɗaya farashi ya faɗo layin ƙasa. Mai shago ba ruwansa da bayanin font, cewa zai yi aikinka bai yi ba.

Bazazzagi:
Wannan kam gaskiya ce Oga, firintocin rasit da yawa haka suke. Amma hanyar da ake bi ita ce ka zana rasit ɗin a matsayin hoto a cikin manhajar da font ɗin da ka zaɓa, sannan ka tura mata hoton, ai haka ake buga tambarin shago a saman rasit. Yana ɗan ƙara jinkiri, amma komai zai fito. Kuma ko da ka zaɓi cire ƙugiya saboda firinta, a bakin firintar za ka cire, ka bar bayanan da ke rumbu da cikakken rubutunsu. Wanda aka adana da ƙ kullum za ka iya mayar da shi k da layi ɗaya na kod, wanda aka adana da k kuwa babu injin da zai san wanne ne asalinsa ƙ sai mutum ya zauna ya bi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Fagge:
Nawa ma ba rasit ba ne, A4 za a buga. Yanzu wane font zan sa? Kuma ta yaya zan san yana da su kafin in saba da shi?

Basakkwace:
DejaVu Sans Mono ko Noto Sans Mono, ka fara da ɗayansu, duka kyauta ne kuma suna da haruffanmu. Iosevka ma yana da su in kana son siriri da zai ba ka damar buɗe fayil biyu gefe da gefe a ƙaramin allo. Amma kar ka yarda da maganar kowa har ni, ka gwada. Buɗe sabon fayil ka rubuta layi biyu:
kkkkkkkkkk|
ƙƙƙƙƙƙƙƙƙƙ|
in sandunan ƙarshe sun tsaya a kan juna to lafiya. Ka maimaita da ɗ da ɓ da ƴ, sannan manyan Ƙ Ɗ Ɓ Ƴ, kar ka tsallake manyan. Dalili kuwa haruffan nan takwas ba wuri ɗaya suke zaune a Unicode ba. ɓ yana U+0253, ɗ yana U+0257, su biyun a rukunin haruffan IPA na masana furuci aka sa su. ƙ kuma U+0199 da ƴ U+01B4 da duka manyan huɗu suna wani rukunin daban, Latin Extended-B. To mai zana font zai iya cika rukuni ɗaya ya bar ɗayan, sai ka ga ɗ ya zauna daram amma ƙ aro ne, ko ƙananan su fito manyan su ƙi. Kuma ka gwada da rubutu mai kauri da na gicciye, don jigon launin edita yakan karkata bayanan gefe na kod, kuma fayil ɗin font na gicciye daban yake da na tsaye, zai iya rasa abin da na tsaye ke da shi.

In Linux kake, wannan zai jero maka duk font ɗin da ke da ƙ a injinka:
fc-list ":charset=0199" family
A Windows kuma ka buɗe Character Map ka zaɓi font ɗin ka duba da idonka.

Ɗan Fagge:
Windows ne. Na sauko DejaVu Sans Mono na sa, yanzu saitin nawa ya zama
"editor.fontFamily": "'DejaVu Sans Mono', monospace"
da farko bai kama ba sai da na rufe editan gaba ɗaya na sake buɗewa. Alhamdulillah a cikin edita komai ya miƙe, sandunan duk sun hau kan juna har manyan. Amma jama'a in na kunna shirin, teburin da yake fitowa a taminal, wato tagar da ake buga umarni, har yanzu layin Fiƙihu da na Alƙur'ani a karkace suke, wannan karon ma baya suka dawo da gurbi guda cif, ba ɗan kaɗan ba.

Bazazzagi:
Madalla, wancan ya warke, wannan kuma ciwo ne na biyu da na farkon ya ɓoye maka. Gurbi guda cif ka ce ko? To ba font ba ne, ƙirge ne. Da me kake cike sararin, str_pad?

Ɗan Fagge:
Eh shi ne, str_pad($darasi, 15)

Bazazzagi:
To shi str_pad ba haruffa yake ƙirgawa ba, bayit yake ƙirgawa, wato ma'aunin wurin da rubutu ke ci a ma'adanar kwamfuta. A tsarin UTF-8 haruffan Turanci na kibod bayit ɗaya-ɗaya ne, amma ƙ ɗ ɓ ƴ kowanne bayit biyu ne. Gwada strlen("Hadisi") zai ba ka 6, strlen("Fiƙihu") zai ba ka 7. Shi a ganinsa kalmar ta riga ta ci gurbi 7, sai ya ƙara sarari 8 maimakon 9, layin ya gaza da ɗaya. In PHP ɗinka ya kai 8.3 akwai mb_str_pad, sauya sunan kawai za ka yi. In bai kai ba ka yi haka:
str_pad($s, 15 + strlen($s) - mb_strlen($s))
wato ka rama masa bayit ɗin da ya ƙirga fiye da kima. Masu C da masu rubutun bash su ma printf ɗinsu da %-15s haka yake yi, bayit yake bi. Python 3 da Go ba su da wannan a kan haruffanmu, len("Fiƙihu") a Python 6 ne, shi kuma fmt na Go da haruffa yake cike gurbi duk da cewa len ɗinsa bayit yake bayarwa.

Hanyar ganewa a gaba: in gocewar ɗan kaɗan ce, rabin harafi ko ƙasa da haka, ka tuhumi font. In gurbi ne cikakke ɗaya ko biyu, ka tuhumi kod ɗinka.

Tsohon Akawu:
Yarana sannunku da ƙoƙari, ina bin maganar tun farko. Ni da tafireta na fara aiki a ofishin ƙaramar hukuma kafin kwamfuta ta zo mana, kuma abin da kuke kira faɗi ɗaya ai daga can ya samo asali, domin ita tafireta duk harafin da ka buga keken yana matsawa taki ɗaya ne, ba ruwansa da ko i ne ko m. Wannan Courier da kuke ambata ma don tafiretocin IBM aka zana shi a shekarun 1950. Tamu ba ta da ƙugiya, in takardar Hausa ce sai mun gama bugawa mu bi da biro muna lanƙwasa kan k da d da b ɗaya bayan ɗaya, wasu kuma su buga waƙafi a gefen harafin. Aiki ne mai cin rai amma muna yi, domin takardar da za a karanta wa hakimi da dagatai ba a so mai karatu ya yi tuntuɓe. Shi ya sa nake roƙon ɗana na Sabon Gari ya sake tunani. Abin da muka yi da biro ku yanzu layi ɗaya ne a saiti.

Oga Sabon Gari:
Baba na ji, Allah ya ƙara girma. A rubutun da mutum zai karanta na yarda a sa. Amma sunan canji, wato variable na cikin kod, da sunan fayil da sunan tebur a rumbun bayanai, nan kam ina nan a kan bakana, ba zan rubuta $kuɗi ba.

Malama Damagaram:
A nan ba mu da saɓani Oga. Python 3 ya yarda ka sa ƙ a sunan canji, PHP ma zai karɓa, amma gobe wani zai gaji kod ɗin da kibod ɗin da ba shi da harafin, ko a zuba fayil a zip a buɗe a wani injin sunan ya dagule. Suna na inji a bar shi da haruffan kibod, rubutu na mutane a ba shi haƙƙinsa.

Amma ku ƴan Najeriya akwai abin da nake so ku lura da shi game da waƙafin nan na 'y. Iri uku ne ke yawo a fayilolinku kuma a font na kodin kusan kamanninsu ɗaya. Akwai na kibod U+0027, akwai lanƙwasasshe U+2019 wanda Word da wayoyi ke sauya muku da kansu, akwai kuma U+02BC wanda shi Unicode ke ɗauka a matsayin harafi sosai. Na kibod ɗin shi ne kuma ke buɗe zance da rufe shi a kod, to ka rubuta 'Alƙur'ani' a PHP ka ga yadda launin sauran layin zai birkice. Kuma in rabin sunayen an shigar da su da wannan rabi da wancan, bincike ba zai haɗa su ba. Ku zaɓi ɗaya tun wurin shigar da bayanai ku mayar da sauran gare shi.

Ɗan Fagge:
Wallahi Malama kamar kin leƙo allona, Alƙur'ani da waƙafi biyu na zagaye shi saboda haka. mb_str_pad ya yi aiki, teburin ya miƙe tsaf. Sai dai wani abu, na tura wa abokin aikina fayil ɗin ya buɗe a nasa sai ga wani ɗan akwati ruwan ɗorawa ya zagaye kowane ƙ da ɗ, ya ɗauka kuskure ne yana shirin gogewa.

Basakkwace:
Kar ya goge. Wannan gargaɗi ne da VS Code ya ƙaro a ƙarshen 2021, bayan wasu masu bincike a Jami'ar Cambridge sun nuna yadda za a iya ɓoye mugun kod da haruffan Unicode marasa ganuwa da masu juya alƙiblar rubutu, abin da suka kira Trojan Source. In ka buɗe folda ba ka ce ka amince da ita ba, duk harafin da ba na ASCII ba, wato wanda ba na kibod ɗin Turanci ba, sai ya zagaye shi. Ya danna amincewa da foldar in ya san daga inda ta fito, ko ya je editor.unicodeHighlight.allowedCharacters ya zuba haruffanmu takwas. Ni na fi son ta biyun, kar a kashe gargaɗin gaba ɗaya, domin ranar da wani zai kwafo kod daga intanet da а na Rasha a madadin a namu shi ne zai nuna maka, ido ba zai taɓa rabewa ba.

Ƴar Tudun Wada:
Tunda an buɗe maganar bari in kawo tawa, ta fi ta Ɗan Fagge ɗaci. Ina aikin tattara kalmomi ne masu alamar karin sauti da tsawon wasali don koya wa inji furuci, irin à da â da ā. Python nake yi, font ɗina yana da komai, amma tebur ba ya miƙewa, kuma wani wurin alamar sai ta zame ta hau kan harafin gaba ko ta tsaya ita kaɗai a gurbinta.

Bazazzagi:
Hajiya naki hawa uku ne. Na ɗaya, à ana iya rubuta shi hanya biyu, harafi guda dunƙulalle U+00E0, ko a sannan alamar U+0300 ta biyo baya ta hau kansa. A ido ɗaya ne, a len na farko 1 na biyu 2. Ki fara wuce duka bayanan ta unicodedata.normalize("NFC", s) zai dunƙule waɗanda ke dunƙuluwa. Na biyu, ba duka ke dunƙuluwa ba. a mai tsawo kuma mai karin ƙasa, wato sanda a kai sannan alamar faɗuwa a kan sandar, babu shi a dunƙule a Unicode, dole ya zauna ā da alama daban. Abin mamaki e da o suna da nasu dunƙulallun, a da i da u babu. Don haka len ba zai taɓa ba ki faɗin gaskiya ba, ki sauko da wcwidth ta pip, mai sauko da kayan Python, ki yi amfani da wcswidth, shi yana ba alamomin hawa faɗin sifili, haruffan Sin da Japan kuma gurbi biyu, kamar yadda taminal ke lissafawa. Na uku shi ne zamewar alamar, wannan aikin font ne, sai mai zanen ya sa wa kowane wasali wurin da alama za ta zauna, kuma font na kodin da yawa ba su damu da wannan ba tunda masu su ba sa bukata. Noto Sans Mono ya fi ƙoƙari a nan, ki gwada shi a edita da taminal duka, don kowanne da saitinsa, na taminal terminal.integrated.fontFamily ne.

Ƴar Tudun Wada:
Na gode sosai Malam, NFC ɗin na riga na yi, wcwidth ne ban sani ba. Shi ya sa kenan wasu layukan suka gyaru wasu suka ƙi.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum, mu masu koyo a waya fa? Ba ni da laftof, Termux nake amfani da shi, manhajar taminal ta Android, ƙ yana fitowa amma a matse kamar an danne shi, wani lokacin ƙugiyar ta shige cikin harafin kusa.

Basakkwace:
Taminal ba kamar edita ba ne, allon a yanke yake gida-gida kamar takardar lissafi, kowane harafi dole ya shiga gidansa. In an aro mai faɗi ba zai tura na gaba ba, sai dai a matse shi ko a yanke shi ko ya hau maƙwabcinsa. A Termux ka samo fayil ɗin DejaVuSansMono.ttf ka kwafe shi zuwa ~/.termux/font.ttf, sunan dole ya zama font.ttf, sannan ka buga termux-reload-settings. In kuma irin Nerd Fonts ɗin nan masu ƙananan hotuna kake so don kwalliyar layin umarni, ka ɗauki wanda sunansa ya ƙare da Nerd Font Mono, shi ne aka matse hotunan su zauna a gida ɗaya. Kuma ka sani su hotuna kawai suke ƙarawa, in asalin font ɗin ba shi da ƙ to bayan kwalliyar ma ba shi da shi.

Ɗan Agadas:
Ya yi wallahi, Allah ya biya.

Oga Sabon Gari:
Tunda ana maganar font, ni abin da na fi ƙi shi ne haɗe-haɗen nan da Fira Code ya yayata, ka buga != ya zama alamar daidai da aka soke, ka buga >= ya koma ta littafin lissafi. Yaran da nake koya wa suna kallon bidiyo su ga alamar su zo suna nemanta a kibod. Wannan ba ya cikin masu ɓata tazarar?

Bazazzagi:
Tazara kam ba ya ɓatawa, an zana haɗin ne ya ci gurbi biyu daidai yadda haruffa biyun za su ci, === kuma uku, fayil ɗin ma bai canza ba zane ne kawai. Amma a kan masu koyo ina tare da kai ɗari bisa ɗari, musamman a PHP da JavaScript inda == da === ke da hukunci daban, in sun zama dogayen layuka sai ka ƙura ido kafin ka rabe. A VS Code a kashe yake tun asali sai mutum ya kunna editor.fontLigatures da kansa. Cascadia ma da Microsoft suka fitar a 2019 kashi biyu suka yi shi, Cascadia Code mai haɗin, Cascadia Mono marar shi. Ni abin da nake dubawa a font kafin kyau shi ne sifili da babban O sun rabu, 1 da ƙaramin l da babban I sun rabu, sannan haruffanmu takwas. Da yawa daga waɗanda ake yayi sun ci jarrabawa biyun farko, ta ukun ce ba kowa ba.

Malama Damagaram:
Kuma ta ukun ba za ta gyaru ba in muna shiru. Yawancin font ɗin nan a buɗe suke a GitHub, akwai wurin kai koke. Mai zanen yana Turai ko Amurka ko Sin, bai taɓa ganin ƙ a rayuwarsa ba, in ba wanda ya rubuta masa ya ce ga harafi takwas ga lambobinsu ga miliyoyin mutanen da ke rubutu da su, ta ina zai sani? Kuma ba mu kaɗai ba ne, Fulfulde ma na amfani da ɓ da ɗ da ƴ, ga ŋ a kai. In za ku rubuta ku haɗa da hoton gwajin sandunan nan na Basakkwace da kalmomi na gaske, kuma ku roƙi a yi har mai kauri da na gicciye, don kar a ba mu rabi.

Tsohon Akawu:
Haka ne ƴata. In kun rubuta ku ce musu ƙugiyar babban Ɗ da Ɓ ta hagu take fitowa daga sama, kar su matse cikin harafin har ya koma kamar wani abu daban don neman wurin ƙugiya. Na ga wasu a allon jikana da kyar na gane Ɗ ne.

Ɗan Fagge:
Baba ai wannan shi ne wahalar, gurbin ɗaya ne kuma dole ƙugiyar ta samu wuri a ciki. Ni dai yanzu na tura wa abokin aikin nawa sunan font ɗin da saitin allowedCharacters, zan kuma sa su a fayil ɗin .vscode/settings.json na cikin foldar aikin don duk wanda ya buɗe ya same su. Saura fitarwa zuwa PDF don bugawa, a can ma sai na cusa font ɗin a cikin fayil ɗin ko? Don kwamfutar shagon da za a buga ba lallai tana da shi ba.

Basakkwace:
Eh sai ka cusa. In da mPDF ko Dompdf za ka yi, kayan PHP ɗin nan masu fitar da PDF, dukansu suna zuwa da DejaVu a cikinsu, ka ambaci sunansa a CSS ɗin kawai, kar ka bar shi a kan Helvetica ko Courier na asalin PDF don waɗannan ba su da haruffanmu, alamar tambaya za ka gani. Kuma tunda PDF ne ka daina cike gurbi da sarari, ka yi tebur na HTML sosai kowane abu a ɗakinsa, sai ka ajiye mb_str_pad don abin da zai fito a taminal. Kafin ka kai shago ka buɗe fayil ɗin a wayarka ka duba layin Fiƙihu da manyan haruffan kan takardar.